Giwa Mai Kunne Ɗaya

Ruwan sha na shiga ajiyewa a ɗakin, sai idona ya faɗa kan giwar tawul da ke zaune a tsakiyar gado. Kunne ɗaya gare ta. Gefen dama an naɗe shi tsaf, ƙafafu a murɗe kamar an auna, kunne a buɗe, baƙin ido na takarda a manne inda ya dace. Gefen hagu kuwa tawul ne kawai shimfiɗe a kan bargo, ko taɓa shi ba a yi ba. Na tsaya da kwalbar ruwa a hannu ina kallonta.

Na ce wa kaina wataƙila kiransa aka yi ya bar ta rabi. Na leƙa ɗaki na gaba, ita ma haka. Na gaba da shi ma haka. Ga cakulan an ɗora a kan filon dama, na hagu babu. Wanda ya yi aikin ya gama ne ya ja ƙofa, a ganinsa babu abin da ya rage.

Manong Berting ne ya naɗe su, shi kuwa ba ya barin aiki rabi. Manong a wajenmu lakabin girmamawa ne ga wanda ya girme ka, mace kuma Manang. Shi ke kula da ɗakunan wannan lungu a hawa na tara na jirgin yawon shaƙatawa da muke wa aiki, tare aka haɗa mu tun da na hau a watan Afrilu. Ranar Laraba ce, mun baro Geiranger, wani ɗan gari tsakanin duwatsu can arewacin duniya, baƙi duk sun tafi cin abincin yamma, lokacin da muke bi ɗaki ɗaki mu gyara gado mu ajiye dabbar ranar. Laraba ranar giwa ce.

Ni aikin jinya na karanta. Bara na gama a Iloilo, wani birni a ƙasarmu can kudu da Manila, na zagaya asibitoci da takarduna har takalmina ya cinye, kowa sai ya ce in zo in yi aikin sa kai tukuna. Da na gaji sai na bi layin da rabin unguwarmu ke bi, na hau jirgi. Amma akwai abin da ban manta ba. Muna makaranta an taɓa kai mu ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki, malamarmu ta miƙa wa wani dattijo takarda ta ce ya zana fure. Ya zana rabin fure, ya ajiye biro, ya ce ya gama. Idonsa lafiya lau yake. Ƙwaƙwalwarsa ce ta daina sanin akwai wani abu wai shi hagu.

Na sami Manong a ƙarshen lungu, gaban amalanken kaya. Ya danne tsakiyar ƙaramin tawul da haɓarsa kamar kullum, yana murɗa gefe ɗaya. Hannunsa na hagu yana riƙe da ɗaya gefen, amma riƙo ne irin na wanda aka ba ajiya ya manta da ita. Na tsaya ta hagunsa na kira shi. Sai ya juya dama yana nemana.

"Inday? Ina kika maƙale? Kallon duwatsu kike yi, ko an ce miki ke ma baƙuwa ce?"

Haka yake kirana, yadda ake kiran kowace yarinya a wajenmu. Sunana Rhodora ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Na zagayo ta damansa.

"Manong, zo ka ga wani abu."

"In gashi ne a bahon wanka, cire da kanki. Kin girma."

Na ja shi ɗakin da na fara shiga, na nuna masa gadon.

"Dubi giwar nan."

"Me ta yi? Ai ta fi mai ɗakin kyau."

"Kunnenta nawa?"

Ya dube ni kamar na sha wani abu. Na kama tawul ɗin na juya shi a kan gado, gefen da ba a naɗe ba ya dawo ta damansa. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya warware ta?"

"Ba wanda ya warware ta, Manong. Haka ka bar ta. Duka haka ka bar su."

Sai ya zauna a bakin gadon baƙo. Ranar farko da na fara aiki, abin da ya fara gaya mini ke nan, ko ƙafarki za ta karye kada ki zauna a gadon baƙo. Na ce ya ɗaga hannuwansa biyu. Ya ɗaga, na hagun ya fara sauka a hankali shi bai sani ba. Na ce ya yi murmushi. Gefen bakinsa ɗaya ya ƙi bin ɗan'uwansa.

"Tun yaushe kanka ke ciwo?"

"Wa ya ce miki yana ciwo?"

"Manong."

"Tun da rana. Hasken ƙasar nan ne, rana ba ta faɗuwa, mutum ba ya barcin kirki."

"Tashi mu je wurin likita."

"Rufe ƙofa," in ji shi.

Na rufe.

"Inday, saurare ni. Gajiya ce. Wata biyu ya rage kwantiragina ya ƙare. In na sauka da ƙafata zan je gida in huta in dawo. In likita ne ya saukar da ni, shi ke nan, ba kamfanin da zai sake kallona. Na doshi sittin. Me zan je in yi? Ki taimake ni mu gama lungun nan, in kwanta, gobe ki ga na tashi garau."

Sunansa na gaskiya Norberto Gallenero, mutumin tsibirin Guimaras. Mahaifinsa gadin gonar mangwaron wasu yake yi. Shi kuma da ya tasa ya tsallako Iloilo yana dako a bakin ruwa, har wani kawunsa ya samo masa gurbi a jirgi. Ba ɗakunan baƙi ya fara ba. Can ƙasan jirgi aka kai shi, ɗakin wanki, inda babu taga kuma zafin injina ba ya sauka. Ya yi shekaru a wurin yana ninke tawul da zanen gado, ya ce ya zagaya rabin duniya bai ga ko ɗaya daga cikinta ba. Har yau fatar hannunsa fari-fari ce saboda maganin wanki. A nan wani ɗan Jamaika da ke saukowa karɓar kaya ya koya masa naɗin kare, don ya ga hannunsa na da sauri. Daga kare ya koyi zomo, ya koyi kunkuru da kada, har aka hau da shi sama aka ba shi lungu.

Ya kusa shekara talatin a ruwa. 'Ya'yansa uku, ba wanda ya ga ranar da ya fara tafiya. Matarsa, Manang Felisa, ita ta yi renon, ita ta tsaya a kan ginin gida, ita ta binne iyayensa. Ya taɓa gaya mini in ya je hutu ba ya iya barci saboda babu ƙarar inji, sai ya ja tabarma kusa da firji. Da asuba kuma hannunsa ya fara ƙaiƙayi, ya bi tawul ɗin gidan duk ya mayar da su dabbobi, Manang Felisa ta fito wanka tana faɗa wai an mayar mata da gida daji. Kowace shekara yana cewa wannan ce ta ƙarshe. Sugeng, wani abokin aikinmu ɗan tsibirin Jawa da suke kwana ɗaki ɗaya, ya ce tun yana da gashi a ka yake jin wannan magana.

Bai taɓa ganin giwa ba. Akwai gidan dabbobi a Hamburg, kullum yana cewa in jirgi ya tsaya can zai je ya duba ko daidai yake yin kunnen. Amma ranar Hamburg ita ce ranar da tsofaffin baƙi ke sauka sababbi ke hawa, ranar da ko ruwa ba ma sha a zaune.

Ba zan ce yana son aikin ba. Baƙi suna ɗaukar dabbobinsa hoto, wasu su jera su a kan kujera har ƙarshen mako su ce kada a taɓa. In na yaba, sai ya ce, "Tawul ne, Inday. Gobe a goge ƙafa da shi." Amma yana lura da mutane. Wata tsohuwa da ke tafiya ita kaɗai, dabbar tawul ɗinta kullum tana fuskantar ƙofa, don in ta shigo ta ga kamar jiranta ake. Ɗakin da ke da yara, kadan tawul zai sanya gilashin babansu. Idanun kuma da kansa yake yanka su daga baƙar takarda a lokacin hutun rana, da ɗan almakashin farce, yana tarawa a gwangwanin alewa.

A ƙasan jirgi muna da wata al'ada da ba wanda ya koya mini da baki. Ba a kai mutum wurin likita. Mura da yankan wuƙa, wannan a je. Amma abin da zai iya sa a saukar da mutum, rufewa ake yi. In ka ga ɗan'uwanka yana ɗingishi, ka karɓe masa amalanke. In zazzaɓi ya kwantar da shi, a raba ɗakunansa ba tare da shugabar hawa ta sani ba. Manong shi ne uban wannan al'ada a hawanmu. Shekarar da bayan Sugeng ya riƙe, shi ya riƙa ɗaga masa katifu wata guda cur. Ni kaina makonnina na farko, da jirgi ya shiga Tekun Arewa, amai na riƙa yi kamar raina zai fita. Shi ya ɓoye ni a ɗakin ajiyar tawul, ya riƙe mini bokiti, ya yi aikin mutum biyu, ya ce wa Madam Ilinca, shugabarmu, ya aike ni ɗakin wanki. Na kuma san yana da hawan jini. Ƙwayoyin maganin a kwalbar bitamin yake zuba su. In lokacin gwajin lafiya ya matso kafin sabon kwantiragi, sai ya yi mako yana haɗiyar tafarnuwa da ruwan abarba, ya ce su ke kwantar da awon.

Muna cikin ɗakin aka ƙwanƙwasa, Sugeng ya leƙo. Lungunsa na manne da namu.

"Tsoho, a gadon baƙo? Yau ka ci gadon jirgin ne?" Sai ya ga giwar. Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan kuma fa? Ta yi faɗa da zaki?"

Ba wanda ya taya shi. Na gaya masa abin da nake tsoro. Ya dubi Manong, ya dube ni.

"Malama nas, a bar mana karatu. Mutumin nan tun asuba yake tsaye, ko ni sai in yi giwa ba kai. Ɗakuna nawa ne? Ki ɗauki na dama in ɗauki na hagu. Tsoho, kai zauna a ɗakin tawul kada Madam ta gan ka."

"Sugeng, ba gajiya ba ce. Irin wannan kowane minti..."

"Wallahi in kika kai shi sama kin gama da shi. Kin san haka ko ba ki sani ba?"

Na sani. Na ce to, mu gama lungun, in bai warware ba za mu je. Manong ya ce ya yarda, ko kallona bai yi ba.

Ban taɓa naɗe giwa da sauri irin na ranar ba. Ina shiga, in warware tasa, in danne tawul da haɓa, in murɗa, in buɗe kunnuwa biyu, in manna ido na biyu, in ƙara cakulan a filon hagu. Garin sauri hancin giwa ɗaya ya karkace na bar shi haka. Ta taga ina ganin ruwa na zubowa daga kan duwatsu, haske tar kamar la'asar. A kowane ɗaki sai in ce daga wannan zan ajiye in hau sama, sai in tuna bokitin nan, in shiga na gaba. Madam Ilinca ta wuce sau ɗaya, ta tambayi Berting, Sugeng ya ce ya je ɗakin wanki.

Da muka gama muka sauka ɗakin cin abincin ma'aikata. Manong yana tafiya da ƙafarsa, sai dai kafaɗarsa ta hagu ta bugi bakin ƙofa, ya juya yana harararta. Sugeng ya ɗebo masa shinkafa da soyayyen kifi da miyar tsamiya, ya zauna kusa da shi.

"Kin gani? Ga shi yana cin abinci. Mara lafiya na cin abinci haka?"

Ci yake yi kuwa. Ya cinye shinkafar da ke gefen dama na faranti, ya bar sauran kamar an ja layi da wuƙa. Ya ajiye cokali.

"Kukun nan ya fara rowa," in ji shi. "Yau ko kifi babu."

Kifin yana nan a gefen hagu, bai taɓa shi ba. Mutanen teburin suka zuba wa farantin ido. Sugeng ya miƙa yatsa a hankali ya juya farantin.

"Ga kifinka, tsoho. Ɓuya ya yi."

Aka yi 'yar dariya, Manong ya ci gaba da ci. Ni kuwa kallon yatsan Sugeng nake yi. Na ga yadda za a yi wata biyun nan. Wani ya juya masa faranti, wani ya bi bayansa yana gyara giwa, wani ya riƙa tafiya ta hagunsa don kada ya bugi ƙofa, kowa da zuciya ɗaya, har ranar da za a je tashinsa ya ƙi tashi. Na miƙe.

"Ina za ki?" in ji Sugeng.

"Bayan gida."

"Malama nas. Zauna."

Ban zauna ba. Na hau matakala da gudu zuwa asibitin jirgi. Likitar wata doguwar mata ce, ba ta bari na ƙarasa ba. Da na ce gefen hagu ne ba ya gani kuma hannu na sauka, ta ɗauki jaka ta ce wa nas ya turo keken marasa lafiya. Muna tafe ta tambaye ni tun yaushe. Na ce ciwon kai tun rana, giwayen kuma tun farkon aikin yamma. Ta dubi agogonta, ta ƙara sauri.

Da muka shiga, cokula suka tsaya. Manong ya ga farar riga, ya ga keken, sannan ya nemo ni da ido. Sai da ya juya kansa sosai kafin ya same ni.

"Lafiyata ƙalau, likita," ya ce. "Yarinya ce, sabuwa ce, tsoro gare ta."

Likitar ta tsuguna gabansa, ta ɗaga yatsu biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ta ce nawa yake gani. Ya ce ɗaya. Ta ce ya hau keke. Ya so ya miƙe da kansa, ƙafar hagu ta ƙi, Sugeng ya tare shi. Da aka zo wucewa da shi ta gabana ya sa aka tsaya.

"Ni na riƙe miki bokiti, Inday."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ɗaga murya ba.

Ba a daɗe ba aka ji jirgi ya rage gudu. Muna daf da garin Alesund, wani ƙaramin jirgin ceto ya zo ya manne da namu, aka buɗe ƙofar gefe ta ƙasa inda ake shigo da kaya. An bar ni da Sugeng mun tsaya daga nesa. An naɗe Manong da bargo an ɗaure shi a gadon ɗauka, iska mai sanyi na shigowa. Can sama baƙi sun jeru a bakin ƙarfe suna ɗaukar hoto. Ya kira Sugeng, bakinsa ya ƙara nauyi amma na ji abin da ya ce.

"Birin Juma'a. A ɗaure hannunsa da kyau a hanga, kada ya faɗo wa wani a ka. Idanu suna cikin gwangwani."

"Yi shiru, tsoho, ka ji da kanka."

Ni bai ce mini komai ba. Aka sauke shi, ƙaramin jirgin ya juya, namu ya ci gaba da tafiya. Aka rufe ƙofa. Na koma sama don akwai baƙon da ya nemi ƙarin filo.

Washegari Madam Ilinca ta raba lungun tsakanina da Sugeng har a samo wani. Ta dafa kafaɗata ta ce na yi daidai, a gaban mutane, da ma ba ta faɗa ba. A ɗakin cin abinci ba wanda ya zage ni. Gurbin da ke kusa da ni ne kawai ya zauna ba kowa. Wata mata daga ɗakin wanki, da suka yi zamani da Manong, ta ce da wadda ke gefenta, yadda zan ji, "Yaran yanzu da takardarsu suke zuwa." Wani kuma ya ajiye mini kofin shayi ya wuce. Sugeng yana mini magana, amma ta aiki kawai. Ya daina ce mini malama nas. Sau ɗaya, muna canza zanen gado, shi a wancan gefe ni a wannan, ya ce, "Da kin bari zuwa safe..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaye shi ƙarshen maganar ba. Na ga idonsa ya yi ja. Shi kaɗai yake kwana a ɗakinsu yanzu, takalman Manong suna nan a bakin ƙofa.

Baƙi sun tambaya. Tsohuwar nan mai tafiya ita kaɗai ta tare ni a lungu ta ce ina abokinta, giwar jiya hancinta a karkace yake, ta san ba hannunsa ba ne. An ce mu riƙa cewa ya tafi hutu. Na ce ya tafi hutu. Ta ce ya kyauta, ai ya cancanta.

Da rana Manang Felisa ta kira ni, Sugeng ne ya ba ta lambata. Ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Na shiga ɗakin ajiyar tawul na rufe ƙofa.

"Ke ce Inday ɗin?"

"Ni ce, Manang."

"An ce ke kika kira likita."

"Ni ce."

Ina jin zakara na cara a bayanta, da ƙarar babur. Na jira ta gode ko ta yi faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ya ci abinci kafin a tafi da shi?"

"Ya ci, Manang. Shinkafa da kifi."

"To." Ta ja numfashi. "Mutumin kamfani ya ce jini ne ya daskare a kansa, sun yi abin da za su yi. Wai yana magana. Wai hannun da ƙafar sai an ga kwanaki kafin a san ko za su dawo. Na ce a haɗa ni da shi, aka ce barci yake yi. Shekara nawa ina cewa ya sauko, Inday. Ban ce ya sauko a haka ba."

Ta ce in na ji wani abu kafin ita in kira ta, ko wane lokaci ne.

Tun ranar ba na barci sosai. In na rufe ido sai in ga likitar tana duba agogo. Ina lissafa ɗakunan da na bi ina gyara giwa, in fara daga farko, in rasa inda na tsaya. Wani lokaci kuma in ce da ban je ba fa, wataƙila da gaske da safe ya tashi garau, ya ƙarasa wata biyunsa, ya sauka da jakarsa yana cewa wannan ce ta ƙarshe. Na san ba haka ciwon yake ba, na karanta. Sanin bai hana ni tunanin ba. Ƙafafuna sun kumbura, lungu ɗaya da rabi ba wasa ba ne, ga hasken nan da ba ya ƙarewa yana shigowa ta kowace taga.

Jiya Juma'a, yammacin ƙarshe na wannan zagaye, ranar biri. Shi ne mafi wahala, don ba a gado yake zama ba, rataye shi ake yi a hanga daga saman labule, hannuwa sama, kai a soke tsakanin kafaɗu. Manong bai taɓa bari na yi shi ni kaɗai ba. Sugeng ya zo lungunmu ya ajiye gwangwanin alewa a kan amalankena.

"Ya ce a ɗaure da kyau."

"Na ji lokacin da ya faɗa."

"To ki ɗaure." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Ba haka ake kama shi ba, kawo nan. Dubi hannunki kamar mai tuƙa tuwo."

Ya nuna mini sau ɗaya, ya koma lungunsa. Na yi su duka. A kowane ɗaki, in na gama, sai in ja da baya in duba dama, in duba hagu, in ƙirga idanu da hannuwa. Idanun da ke cikin gwangwani sun kusa ƙarewa, ban san inda yake samo baƙar takardar ba.

Yau Asabar muna Hamburg. Tsofaffin baƙi sun sauka, na warware birai na tura su ɗakin wanki, sababbi suna hawa. An ce wani zai zo daga Manila ya karɓi lungun, bai iso ba. Madam Ilinca ta sa an haɗa kayan Manong a jakarsa, tana ofis, ba a san ko asibiti za a aika ta ko gida ba. Mutumin kamfani ya gaya wa Manang Felisa cewa ranar Litinin za a sake ɗaukar hoton kan Manong, daga nan likitoci za su faɗi abin da suke gani game da hannun da ƙafar. Na tura wa Manong saƙo a waya ranar Alhamis, na ce Manong ya jiki. Har yanzu ba a buɗe ba. Muna jiran Litinin.